Alkawari Kaya Ne: Tarihin Dokar Tallafin Karatu a Jahar Jojiya ta Amurka

Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Maris na shekarar 2011, gwamnan jahar Jojiya da ke kudu maso gabashin Amurka, Nathan Deal, ya sa hannu a kan wata doka da ta shafi tallafin karatun nan da ake kira HOPE. Dokar ba ta soke tallafin ba, ba ta kuma rufe ƙofa ga mafi yawan ɗaliban da suka cancanci samunsa ba. Abin da ta taɓa shi ne hanyar da ake bi a yanke yawan kuɗin da za a ba kowane ɗalibi. Wanda ya dubi lamarin daga nesa zai ɗauka ƙaramin gyara ne na masu lissafi, alhali kuwa wannan gyaran ya sauya ma'anar alkawarin da jahar ta yi wa matasanta shekara goma sha takwas kafin nan. Wannan maƙala za ta bi tarihin alkawarin tun daga tushensa, domin mu ga yadda aka ɗauke shi, yadda ya yi nauyi, da kuma kan wanda aka sauke nauyin.

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu. Na farko, kowace jaha ta Amurka tana da majalisar dokokinta, da kasafin kuɗinta, da jami'o'inta. Gwamnatin tarayya ba ita ke tafiyar da su ba. Na biyu, karatu a jami'ar gwamnati a can ba kyauta ba ne, ɗalibi kan biya dubban daloli a shekara. Saboda haka tallafin da muke magana a kai kuɗin karatun kansa yake biya, saɓanin abin da muka saba da shi a nan, inda galibi tallafi ke nufin kuɗin ci da sha da masauki. Duk inda aka ambaci dala a nan kuma, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Mafarin shirin

Wanda ya kafa shirin shi ne Zell Miller, gwamnan Jojiya daga 1991 zuwa 1999. An haife shi a 1932 a Young Harris, wani ƙaramin gari cikin duwatsun arewacin jahar, mahaifinsa kuma ya rasu yana jariri. Bayan ya yi aikin soja, ya yi karatu a Jami'ar Jojiya da taimakon dokar nan wadda ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji, daga baya ya zama malamin tarihi. Mutum ne da ya san cewa ba don kuɗin gwamnati ba, da wuya ya taka ƙofar jami'a. Tunaninsa shi ne a ba ƴaƴan jahar irin wannan dama, amma sharaɗin ya zama ƙwazo a makaranta maimakon aikin soja.

Matsalar ita ce inda kuɗi za su fito, domin mutanen kudancin Amurka ba su ƙaunar ƙarin haraji. Sai Miller ya yi yaƙin neman zaɓen 1990 da alkawarin kafa loteri, wato cacar gwamnati, wadda za a keɓe ribarta ga ilimi kawai. Tsarin mulkin jahar ya haramta irin wannan caca, don haka dole aka tambayi jama'a. Shugabannin majami'u da yawa sun yi adawa ƙwarai, suna cewa bai kamata gwamnati ta koya wa talakawa caca ba. A watan Nuwamba na 1992 aka kaɗa ƙuri'a, masu amincewa suka yi rinjaye da ƙyar, da kimanin kashi 52 cikin 100. An fara sayar da tikiti a ƙarshen watan Yuni na 1993, a watan Satumba na wannan shekara kuma aka ba ɗalibai na farko tallafin. Sunan HOPE haruffan farko ne na wasu kalmomi da aka haɗa, kuma kalmar kanta tana nufin fata a harshen Ingilishi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce, kuma sauƙinta shi ne ƙarfinta. A makarantun Amurka ana auna matsakaicin maki bisa 4. Duk ɗan jahar da ya gama lise da matsakaicin 3, ya kuma riƙe wannan matsayi a jami'a, jaha za ta biya masa kuɗin karatu gaba ɗaya a jami'ar gwamnati. Ba a faɗi adadin daloli ba, an dai ce duk abin da jami'a ta nema za a biya. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana iya fahimtar wannan, iyayensa ma haka, ko da ba su taɓa shiga aji ba. Ribar loterin kuma ba HOPE kaɗai ta ɗauka ba, har da azuzuwan share fage na kyauta ga yara ƴan shekara huɗu.

Shekarun yalwa

A farko shirin yana da iyaka. A 1993 shekara biyu na farko na jami'a kawai yake biya, kuma sai gidan da abin da yake samu a shekara bai wuce dala 66,000 ba. Amma loterin ta kawo kuɗi fiye da yadda aka zata, ƴan siyasa kuma suka ga irin farin jinin shirin. A 1994 aka faɗaɗa shi zuwa shekara huɗu, aka ƙara da kuɗin rajista da ɗan kuɗin littattafai, aka ɗaga iyakar samun gida zuwa dala 100,000. A 1995 aka cire iyakar kwata-kwata. Daga nan ɗan attajiri da ɗan leburan gona suka zama ɗaya a gaban dokar, maki kaɗai ake dubawa.

Sunan shirin ya bazu. A 1997 gwamnatin shugaba Bill Clinton ta kafa wani rangwamen haraji ga masu biyan kuɗin jami'a, ta kuma ara masa wannan suna. Jahohi fiye da goma, yawancinsu a kudu, suka kwaikwayi Jojiya. A 1998 masu zaɓe a Jojiya suka amince da wani gyaran tsarin mulki da ya kare kuɗin loteri daga a karkatar da su zuwa wata hidima.

Masu bincike ba su daɗe ba suka fara auna sakamakon. Masaniyar tattalin arziki Susan Dynarski, a aikin da ta fitar a 2000, ta nuna cewa shirin ya ƙara yawan matasa ƴan shekara 18 zuwa 19 da ke shiga manyan makarantu da kimanin mutum 7 zuwa 8 cikin kowane 100. Amma ta nuna kuma cewa ƙarin ya fi yawa a cikin farar fata da gidaje masu hali, har tazarar da ke tsakaninsu da baƙar fata da talakawa ta ƙaru. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wata ƙa'ida ta farko: ɗalibin da ke samun tallafin tarayya na marasa hali, wanda ake kira Pell, sai a cire wannan adadi daga HOPE ɗinsa. Sai a shekarar 2000 aka soke wannan ƙa'ida. Wasu malaman Jami'ar Jojiya, Christopher Cornwell da David Mustard da abokan aikinsu, sun gano cewa babban tasirin shirin shi ne tsayar da haziƙan ɗalibai a gida maimakon su tafi wasu jahohi, kuma tsoron faɗuwar maki yana sa wasu su rage yawan darussan da suke ɗauka ko su janye daga masu wuya. Ga kuma wani abu da masu adawa suka daɗe suna faɗa: talaka ya fi kashe kaso mai yawa na abin hannunsa a tikitin loteri, ɗan mai hali kuma ya fi samun makin da ke kai shi ga tallafin.

Inda lissafi ya karkace

Rauni mafi girma yana cikin ginin dokar kanta. Hannu uku ne ke riƙe da shirin, kuma babu wanda ke jin maganar wani. Majalisar gudanarwar jami'o'in jaha ita ke yanke kuɗin karatu. Makarantun lise su ke ba da makin da ke yanke yawan masu cancanta. Masu sayen tikiti kuma su ke yanke yawan kuɗin da ke shigowa. Abu biyu na farko suna hauhawa kowace shekara, na ukun kuwa yana da inda yake tsayawa, domin akwai iyaka ga abin da mutanen jaha ɗaya za su zuba a caca. Bugu da ƙari, dokar loteri ta nemi a riƙa miƙa wa ilimi kusan kashi 35 cikin 100 na cinikin, amma a aikace rabon ya yi ta raguwa har ya koma wajen kashi 25, saboda hukumar loterin tana ƙara yawan kyaututtuka don jawo masu saye.

Akwai kuma wata dabara da ta zo da sauƙi ga ƴan majalisa. Idan suka rage abin da baitulmali ke ba jami'o'i, jami'o'in sai su ƙara kuɗin karatu, loteri kuma ta biya ƙarin a madadin masu HOPE. Iyaye masu faɗa a ji ba su jin zafin ƙarin, don haka ba su yin ƙorafi. Ta haka kuɗin da aka ce ƙari ne a kan kasafin ilimi suka riƙa toshe gurbin da kasafin ya bari.

An yi yunƙurin gyara na farko a 2004, zamanin gwamna Sonny Perdue. An daskarar da abin da ake biya na rajista a matsayinsa na wannan shekara, aka kuma tsaurara yadda ake lissafa makin lise daga 2007. Wannan ya sassauta lamarin na ɗan lokaci, amma tsugunne ba ta ƙare ba. Da karayar tattalin arziki ta 2008 ta zo, jaha ta zaftare kuɗin jami'o'i, kuɗin karatu ya yi tsalle, waɗanda suka rasa aiki kuma suka yi tururuwa zuwa makarantun koyon sana'a. A shekarar kuɗi ta 2011 abin da ake kashewa a kan HOPE da azuzuwan yara ya haura dala miliyar 1, alhali abin da loteri ke miƙawa bai kai miliyan 900 ba. An fara cin ajiya, kuma kowa ya ga ranar da za ta ƙare.

Dokar 2011

Hanyoyi uku ne a gaban majalisa: a rage yawan masu samu ta hanyar maido da iyakar samun gida, ko a nemo kuɗi daga haraji, ko a rage abin da kowa ke samu. Sanata Jason Carter, jikan tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter, da wasu ƴan jam'iyyar Dimokurat sun nemi hanya ta farko, domin a ci gaba da biya wa marasa hali da matsakaita gaba ɗaya. Masu rinjaye na jam'iyyar Rifablikan suka ƙi, suna cewa HOPE ladar ƙwazo ce, ba sadaka ba. Maganar haraji kuwa ba ta sami masu ɗaukarta ba. Sai aka bi hanya ta uku, har shugabar marasa rinjaye a majalisar wakilai, Stacey Abrams, ta goyi bayan dokar bayan an saka wani shirin bashi mai ruwan kashi 1 cikin 100 ga mabuƙata.

Zuciyar dokar ita ce raba tallafin da kuɗin karatu. A shekarar farko an ba ɗalibi kashi 90 cikin 100 na kuɗin karatun shekarar da ta gabata. Daga nan kuma majalisa ce za ta yanke adadin kowace shekara a cikin kasafi, gwargwadon abin da loteri ta kawo. An cire kuɗin littattafai da na rajista. Domin a gane nauyin wannan, bari mu yi misali. A ce kuɗin karatu 100 ne, tallafi 90. Bayan ƴan shekaru jami'a ta kai kuɗinta 120, majalisa kuma ta bar tallafi a 90. Ba wanda ya kaɗa ƙuri'ar rage komi, amma abin da ya rage wa ɗalibi ya biya ya tashi daga 10 zuwa 30, ya ninka sau uku. Kusan haka ya faru a manyan jami'o'in jahar, inda cikin ƴan shekaru abin da HOPE ke ɗauka ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na kuɗin karatu, ban da sauran kuɗaɗen da ba ya taɓawa.

Tsohon alkawarin na biya gaba ɗaya bai mutu ba, an dai ɗaga shi sama. An ƙirƙiro sabon mataki da sunan Zell Miller, ga wanda ya gama lise da matsakaicin 3.7 tare da maki 1,200 a jarrabawar SAT ko 26 a ta ACT, ko kuma wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a makarantarsa, da sharaɗin riƙe 3.3 a jami'a. Sanannen abu ne cewa sakamakon waɗannan jarrabawa yana tafiya da halin gida da ingancin makaranta. Ba mamaki ke nan da aka ga masu wannan mataki sun taru a Jami'ar Jojiya da Cibiyar Fasaha ta Jojiya, da yawansu daga unguwannin masu hali da ke kewaye da birnin Atlanta, baƙar fata kuma ƴan kaɗan ne a cikinsu, duk da cewa su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen jahar.

Ƙananan ma sun ɗanɗana. An rage kwana 20 daga shekarar karatun yara ƴan shekara huɗu, aka ƙara yawansu a aji daga 20 zuwa 22. Ga masu koyon sana'a, waɗanda yawancinsu manya ne masu iyali da aiki, an ɗaga makin da ake nema zuwa 3. Dubbai suka rasa tallafin suka bar makaranta, a lokacin da masana'antu ke kukan rashin ƙwararrun ma'aikata. A 2013 majalisa ta maido da sharaɗin zuwa 2.

Da tattalin arziki ya farfaɗo, ajiyar loteri ta sake taruwa har ta haura dala miliyar 1. A 2023, shekarar da shirin ya cika talatin, gwamna Brian Kemp da majalisa suka maido da HOPE zuwa biyan kuɗin karatu gaba ɗaya. Zuwa lokacin loterin ta riga ta miƙa wa ilimi fiye da dala miliyar 25, ɗalibai sama da miliyan 2 kuma sun amfana. Sai dai a lura, ta hanyar kasafin shekara aka yi wannan maidowa. Abin da kasafi ya bayar kuwa, wani kasafin yana iya karɓewa.

Sauran jahohi

Jojiya ba ita kaɗai ta bi wannan turba ba. A Luwiziyana, shirin TOPS ya samo asali ne daga alkawarin da wani attajirin man fetur, Patrick Taylor, ya yi wa wasu yaran makaranta a birnin New Orleans a 1988, aka kuma mai da shi babban shirin jaha a 1997. Shi ma an ɗaure shi da kuɗin karatu, sai abin da yake ci ya tashi daga dala miliyan 50 da ƴan kai zuwa kusan miliyan 300. A 2015 majalisa ta zartar da dokar raba su, gwamna Bobby Jindal ya ƙi sa hannu. A 2016 magajinsa John Bel Edwards ya sa hannu a kan irinta, aka tsayar da tallafin a adadin wannan shekara, ba zai ƙaru ba sai majalisa ta yarda. A shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017 kuɗi suka gaza, aka biya kimanin kashi 70 cikin 100, kuma mafi yawan ragin ya faɗa a zango na biyu, lokacin da ɗalibai suka sami ƙasa da rabi a tsakiyar shekara.

A Fulorida, shirin da aka kafa a 1997 da kuɗin loteri yana biyan kashi 100 ko kashi 75, gwargwadon matakin ɗalibi. A 2009 aka mai da shi ƙayyadadden adadi a kan kowane darasi, a 2018 kuma doka ta maido da tsohon tsari. A 2021 wani sanata ya kawo ƙudurin a ɗaure yawan tallafi da irin fannin da ɗalibi ya zaɓa, a rage wa fannonin da aka ga ba su kai mutum ga aiki nan take. Ɗalibai da iyaye suka yi ca, ƙudurin bai zama doka ba.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, hanyar yanke adadi ita ke faɗin wanda zai ɗauki asara ranar da kuɗi suka gaza. Idan an ɗaure tallafi da kuɗin karatu, jaha ce ke ɗauke da haɗarin, ɗalibi ya kwana da sanin abin da zai samu, amma ba wanda ke tsaron ƙofar kashewa. Idan an ɗaure shi da abin da ya shigo, asusu ya tsira, haɗarin kuma ya koma kan ɗalibi. Ragin kashi goma ko ashirin bai zama ɗaya ga kowa ba: ɗan mai hali iyayensa za su cike, ɗan talaka kuwa sai ya ci bashi, ko ya ƙara awoyin aikin dare har makinsa ya faɗi ya rasa tallafin ɗungurum. Jojiya ta sami damar kare wannan ɗalibi a 2011 ta hanyar duba halin gida, ta zaɓi ta kare mai maki mafi yawa. Wannan zaɓi ne na siyasa, lissafi bai tilasta shi ba.

Mu malamai muna da rabo a cikin wannan darasi, domin duk tsarin da ya mai da maki kuɗi, ya ɗora wa mai jan biro nauyin da ya wuce na koyarwa. Rabin maki na iya zama dubban daloli ga wani gida, kuma matsin iyaye a kan malami yana ƙaruwa daidai da haka. Saboda haka a duk inda aka zauna gyaran dokar tallafin karatu, a can ko a nan, bai isa a tambayi wa zai samu ba. A tambaya: da me aka ɗaure adadin, wa ke da ikon sauya shi, shin sauyin zai shafi wanda ya riga ya fara karatu bisa tsohon alkawari, kuma in kuɗi sun gaza, daga kan wa za a fara ragewa? Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Gara a ɗauki wanda wuya zai iya, a kuma rubuta tun ranar ɗauka yadda za a raba nauyin idan tafiya ta yi nisa, da a bar yaron da ya cika nasa sharaɗin ya gano a tsakiyar shekara cewa na gwamnati ya sauya.